Jeren da Aka Yi wa Ladi a Samaru

Na ji abin da aka faɗa muku a ƙauye da kuka je bikin nan, wai goggonku Sista guduwa ta yi daga gida, wai katanga ta tsallaka, wai har Inna ta koma ga Ubangiji ba ta sa mata albarka ba. Mahaifiyarku ta ce in ƙyale, ai kowa ya san ƙarya ce. Ni kuwa na duba na ga waɗanda suka san ƙarya ce suna ta raguwa, masu faɗinta kuwa sai haihuwa suke yi. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi. Ku yi haƙuri da rubutun, da gemuna na koyi riƙon fensir a ajin yaƙi da jahilci, har yau kuma hannuna ya fi sanin zarto. Amma ina wurin aka yi komai, kuma kabad ɗin da za ku ji labarinsa ni na haɗa shi.

Bayan Baba ya rasu muka baro ƙauye muka dawo Sabon Gari, ni da Inna da Ladi, wato goggon taku kafin ta zama Sista. Ni ne ɗan fari, ita ce auta, waɗanda ke tsakaninmu duk ba su yi rai ba. Baba Bamaguje ne, da furfurarsa ya karɓi baftisma a hannun wani Fada, limamin coci, kuma shi ya kai Ladi makarantar Sistoci tun tana ƙarama, ko da yake ƙaninsa Baffa Nomau ya ce karatun mace shuka ce a gonar wani. Gidan haya muka kama irin na Sabon Gari, tsakar gida ɗaya, harshe iri-iri. Akwai tela Bayarabe da matarsa, akwai wani Ibo ma'aikacin jirgin ƙasa da tasa matar, akwai kuma Iya Balaraba mai ƙosai, Musulma, wadda duk unguwar babu mai guɗa kamarta. Ni na kafa rumfar kafinta a bayan kasuwa, Inna tana sayar da daddawa da kuka. Da yake ni ɗan fari ne Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Kafinta take ce mini, Ladi kuwa Auta.

Tun Ladi tana rarrafe Inna ta fara tara mata kayan ɗaki. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan abu ba. A zamaninmu, in za a kai yarinya ɗakinta, mata kan riga ta zuwa su yi jere, su shirya kwanuka da tasoshi a jikin bango, babba a ƙasa ƙarami a sama, har su kusa taɓo rufi. Wanda ya shiga ba amarya yake fara kallo ba, jeren yake kallo, a nan ake sanin yarinya tana da uwa ko ba ta da. Duk ranar da kasuwa ta yi wa Inna kyau sai ta dawo da kwano ɗaya ƙunshe a bakin zane, mai jan fure ko mai shuɗin baki, ta tura ƙarƙashin gado. Ba a taɓa cin ko loma a cikinsu ba. Takan rufe ƙofa ta fito da su ta goge, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin awaki. Da suka yi wa ƙarƙashin gadon yawa sai ta sa na ƙara wa gadon ƙafa, na ƙara, na kuma ƙara, har ya zama sai ta taka kujera take hawa.

Ladi kuwa babu ruwanta da kwano. Wake take ɗiba ta binne a fasasshen kasko, kullum da safe ta tono ta ga ko ya tsiro, ta mayar. Ta sha duka a kan ɓarnar wake. Wannan hali ne ya haɗa ta da Sista Mai Ganye. Wata Baturiya ce doguwa da ke zaune a gidan Sistoci kusa da cocinmu, kullum tana hawa keke da fararen kayanta ta tafi Samaru, inda take koyar da ilimin tsirrai a kwalejin da aka buɗe a can. A cikin malaman duka ita kaɗai ce mace. Yara suka sa mata wannan suna domin ba ta iya wuce ciyawa a bakin hanya ba ta tsaya ta tsinka ta sa a tsakanin takardu ba. Hausarta ta littafi ce, wani lokaci ta ce wa namiji ke, amma ba ta jin kunyar kuskure. Duk hutun da Ladi ta zo gida sai ta bi ta yawon ganye.

Shekarar da nake so in ba ku labari, ana ta cewa Turawa za su tafi amma ba su tafi ba tukuna. Ladi ta gama makarantar kwana ta dawo gida, ni kuma ban daɗe da auren mahaifiyarku ba, na kuma shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a gindin mangwaro a harabar coci. Kaina yana da nauyi a karatu, ban ɓoye muku ba. Ladi ce takan zo rumfata bayan la'asar ta ɗauki guntun katako ta rubuta mini kalma da gawayi, in karanta, ta kankare ta sake wata. Wata rana cikin damina ta rubuta mai tsawo ta miƙo mini. Na sa yatsa na bi shi a hankali.

"Ya-ya... i-na so... in za-ma... Sis-ta."

Na ɗago kai ina murna ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce, "Kin ji ko? Malam ma iyakarsa ke nan." Sai na ga ba ta dariya. A nan ne maganar ta iso kaina, kamar yadda kakan hango mai guduma daga nesa ya buga, sai daga baya ƙarar ta iso.

"Ke, karatu muke yi ko wasa?"

"Karatu ne, Yaya, kuma ba wasa a ciki."

Ta ce abu biyu ne a haɗe. An ba ta gurbi a kwalejin Samaru ta karanta kimiyya, abin da mata ba su cika samu ba a lokacin, za a buɗe da ɗaukewar ruwa. Sannan tana so ta koma gidan Sistoci ta fara koyon rayuwarsu, daga can take zuwa karatu.

Na ce, "To, aure fa?"

"Babu."

"Har abada?"

"Yaya, kai da ba ka fashin coci, ka taɓa ganin mijin Sista?"

Na juya katakon a hannuna. Ta ce Sistocin ba sa karɓar yarinya sai da yardar iyayenta, ko da ba su ce haka ba ma ita ba za ta taka ƙofar gida ba sai Inna ta sa mata albarka da bakinta. In Inna ta ƙi, ta haƙura da duka biyun, a ba wani gurbin. Na san Ladi, in ta faɗi abu ta gama.

Muka sami Inna a tsakar gida tana tsince kalwa a faifai. Ni na fara magana, na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman rance, har Ladi ta gaji ta faɗa kai tsaye. Inna ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da tsincewa har muka ɗauka ba ta ji ba. Can sai ta ce,

"Kwanukan fa?"

Ladi ta ce, "Inna, Sista ba ta mallakar komai. Ko cokali na gida ne gaba ɗaya."

"Ko cokali?"

"Ko cokali."

"Kafinta, kana ji ko? Karatun nan ya kai ta inda mutum ke alfahari da rashin cokali."

Ta ajiye faifan ta dubi Ladi sosai. Ta ce, "Auta, ban hana ki bin Ubangiji ba, ba ni na halicce ki ba. Jikokin da ba zan goya ba, wannan tsakanina da Shi ne, zan yi Masa maganar da kaina. Amma 'yar da na haifa ba za ta fita gidan nan hannu rabbana kamar korarriya ba. Inda za ki zauna sai na yi miki jere. Babu jere, babu albarka."

Haka gida ya tsaya cik. Ladi ta je ta tambayo, aka ce ba a shiga gidan Sistoci da kaya. Inna ta ce to ba a fita gidanta babu kaya. Iya Balaraba ta goyi bayan Inna, ta ce ko gidan sarkin aljanu za a kai yarinya da kwanonta ake kai ta. Matar tela ta ce a ƙasarsu ma haka ne. Mahaifiyarku tana amarya, ta rasa inda za ta sa baki, sai ta yi ta daka ko da babu abin dakawa. Ruwa kuwa yana ta ja baya, dawa ta fara fid da kai.

Ana cikin haka labari ya kai ƙauye, sai ga Baffa Nomau da sandarsa. Shi bai bar addinin kakanninmu ba, amma shi ya koya mini riƙon fartanya, a wuyansa nake zuwa kasuwa ina yaro. Bai shiga ɗaki ba, a rumfata ya same ni.

"Kai ne babba yanzu," in ji shi. "Mace ɗaya ta rage a gidan yayana. In ka bar ta ta shiga gidan da ba a haihuwa, ka sare reshe guda da hannunka. Ka yi haka, ƙafata da gidanka har abada."

Na san ba barazana yake yi ba. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Baba ne ya kai ta makarantar nan da ƙafarsa. Hanyar da ya ɗora ta a kai, ban ga inda zan tsaya in tare ta ba. In Inna ta yarda, ni na yarda."

Ya tashi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ya kuwa cika maganarsa. Aka haife ku duka bai zo suna ba, na je gaishe shi ya amsa mini daga cikin ɗaki, har ya rasu muna haka. Daga gidansa ne maganar tsallaka katanga ta fito, ina jin ta fi masa sauƙin faɗa da a ce ɗan da ya goya ya ƙi jin maganarsa. Kada ku riƙe shi da wannan. Ni ban riƙe shi ba, kewarsa kawai nake yi.

Bayan tafiyarsa na ce a raina, tunda na rasa Baffa a kan maganar nan, ba zan bari ta mutu a kan kwano ba. Gani ya kori ji, bari a kai Inna ta ga ɗakin da idonta, ko ta sauko. Muka je gidan Sistoci, Sista Mai Ganye ta tarbe mu ta buɗe mana wani ɗan ɗaki. Gadon ƙarfe siriri, kujera ɗaya, gicciye a bango, sai ƙusa ta rataya kaya. Inna ta leƙa ta dawo da kai.

"Wannan ɗaki ne ko akurki?"

Sista ta yi dariya ta ce nata ma haka yake. Inna ta ce, "A nan za ta wuni?"

"A'a, Mama. Nan barci da addu'a. Wuni a Samaru, a ɗakin gwaji."

"Yo ai ɗakin mace inda take wuni ne," in ji Inna. "Barci ko a kan buhu ana yi. A kai ni can ɗin."

Washegari na goya Inna a bayan keke, ita da ba ta taɓa hawa ba. Tun daga Sabon Gari har Samaru tana riƙe da rigata tana cewa in na kayar da ita a gaban Ubangiji za mu yi shari'a. Muka isa lafiya. Ɗakin gwajin dogo ne, tagogin gilashi, tebura a tsakiya, bango kuwa katakai ne hawa-hawa cike da kwalabe. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Ashe suna jere," ta ce a hankali. Ta matsa ta duba da kyau. "Amma wanda ya yi wannan ba uwarsa ce ta koya masa ba. Ƙarami a ƙasa, babba a sama?"

Sai idonta ya kai bakin taga. An jera tsiron dawa a cikin gwangwanayen madara da na kifi, duk sun yi tsatsa. Sista ta ce suna binciken wuta-wuta ne, ciyawar nan mai jan fure da ke kama saiwar dawa ta shanye ta. Inna ba ta bukatar a yi mata bayanin wuta-wuta. Ita ta cinye gonar Baba wata shekara har muka ci dusa, a shekarar ne kuma ƙanena da ke bi na ya tafi. Sista ta sa ƙwayar irinta a ƙarƙashin wata na'ura da ake leƙawa ƙaramin abu ya zama babba, ta ce Inna ta leƙa. Inna ta rufe idon da ya kamata ta buɗe, aka gyara mata, ta sake leƙawa. Ta daɗe a sunkuye.

"Wannan ɗan abin ne ya cinye mana gona?"

"Shi ne, Mama. Shi Ladi za ta koyi yaƙa."

"A gwangwanin kifi?"

Sista ta ce tukwanensu ba su isa ba, an aika a kawo daga Turai, jirgi bai iso ba. Inna ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta dubi bangon da ke kusa da taga, wanda babu komai a jikinsa.

"Kafinta, auna mini bangon nan."

Sista ta gane inda aka dosa. Ta ce, "Mama, in kin kawo, ba na Ladi ba ne, na ɗaki ne. Kowa zai taɓa."

"Kwanon amarya ma baƙi ke ci a ciki," in ji Inna.

Sista ta je ta nemi izini wurin shugaban kwalejin, ta ce masa wata tsohuwa tana so ta ba ɗakin gwaji kyautar kwanuka. Ya ce madalla. Ita a zatonta kwando ɗaya zan ɗauro a bayan keke. Mu kuma babu wanda ya yi tunanin yi mata bayani, don wa ne ne bai san jere ba?

Na bar aikin mutane na haɗa kabad mai hawa-hawa daidai bangon, na goge shi har yana ɗaukar ido. Ana buɗe kwaleji, a makon da Ladi za ta fara, Inna ta aika goro gida-gida. Ranar jere wani direba maƙwabcinmu ya ba mu motarsa ta ɗaukar gyaɗa. Matan coci suka zo, matan kasuwa suka zo, Musulmi da Kirista, kowa ta ci ado. Aka fito da kwanuka daga ƙarƙashin gado, ni kaina ban san sun kai haka ba. A bakin ƙofar kwaleji Inna ta ce a tsaya, ba a shiga da kayan ɗaki a mota kamar buhunan gyaɗa. Kowace mace ta ɗora nata a ka, aka yi layi, ni da direba muna biye da kabad, Ladi a tsakiya ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige. Maigadi ya ɗaga hannu zai yi magana, sai Iya Balaraba ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa.

Ban taɓa ganin wuri ya hargitse da sauri haka ba. Ɗalibai suka bar malamansu suka yo kan tagogi. Shugaban kwaleji ya fito da gajeren wando da lofe a baki, fuskarsa ta yi ja, ya ɗauka bore aka zo yi. Sista Mai Ganye ta taho da gudu tana dafe da lulluɓinta.

"Mama! Kwanuka muka ce!"

"Ga su kuwa," in ji Inna.

Matar Ibo ɗin nan ta gidanmu ta matsa ta gaya wa shugaban da Turancin kasuwa cewa biki ne ba faɗa ba. Ya cire lofen ya ce to ina angon? Da aka fassara, mata suka kwashe da dariya, matar tela ta nuna tsiron dawa ta taga ta ce ga shi can a gwangwani. Sista ta yi masa bayani da Turanci, tana yi tana share gumi. Ya dubi layin matan, ya dubi Inna da ko gezau ba ta yi ba, sai ya kauce daga hanya ya cire hula.

Aka shiga aka kafa kabad. Inna ta tsaya a tsakiya tana ba da umarni, wancan ƙasa, wancan sama, a juyo furen waje. Ɗalibai maza da ke leƙe aka sa su miƙo kaya, suna yi suna dariya. Da aka gama, rana ta shigo ta taga ta bugi bangon nan, ja da shuɗi da ruwan tagulla, sai kowa ya tsaya kallo. Ni dai ban ga jeren da ya kai shi ba, kafin nan ko bayan nan. Inna ta ja da baya ta kalla, ta gyaɗa kai, sannan ta ce,

"To, a juye dawar nan daga gwangwani."

Sista ta dubi Ladi, Ladi ta dubi ƙasa. Sista ta ce, "Mama, sun yi kyau ƙwarai. A bar su haka, mu riƙa kallo."

"Kallo?" Inna ta juya. "Auta, me ake ɓoye mini?"

Ladi ta ɗauko gwangwani ɗaya ta ɗaga ta nuna mata gindinsa. Ta ce, "Inna, sai an huda. In ruwa bai sami hanyar fita ba saiwar ruɓewa take yi. Kwanon da ba a huda ba, ba a shuka a cikinsa."

Wata daga cikin matan ta ce subhanallahi. Ku gane, huda sabon kwanon jere a wurin matan nan kamar a ce a yanke wa yaro kunne ne. Iya Balaraba ta ce a bar su hakanan mana, ai jere ya yi, an fita kunya. Ni ma abin da ke raina ke nan. An yi jere, sharaɗi ya cika, a sa albarka a tashi. Amma Inna ta matsa jikin kabad ta ɗauko wani mai jan fure daga tsakiya. Na san shi, shi ne na farko, tun muna ƙauye ta saye shi, Baba yana da rai. Ta shafa shi da bakin zane kamar yadda ta saba.

"Wato in an bar su, zama za su yi kamar yadda suka zauna a ƙarƙashin gadona, ita kuma ta koma wa gwangwanin kifi."

Ladi ta ce, "Haka ne, Inna."

"Kafinta, kana da ƙusa?"

Kafinta ba ya rabuwa da ƙusa. Na miƙa mata da guduma, na ce ta kawo in yi. Ta ce ba ni na tara ba. Ta durƙusa ta kifa kwanon a ƙasa, ta ɗora ƙusar. Bugun farko ya goce, fentin ya ɓantare, hujin ya fita a karkace can gefe. Ta gyara ta sake bugawa, wannan ya shiga tsakiya. Ta yi na uku. Ta ɗaga kwanon sama ta leƙa Ladi ta cikin hujin, sannan ta miƙa mata da hannu biyu.

"Ungo, Auta. Na yarda. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fi ƙarfin abin nan da ya ci gonar ubanki."

Ladi ta durƙusa ta karɓa tana kuka. Sista Mai Ganye ma hawaye take yi, ta rasa Hausar da za ta yi sai sannu, sannu. Iya Balaraba ta rangaɗa guɗar da ta fi ta farko, har kwalabe suka amsa. Kafin mu tafi an zuba ƙasa a kwanon an dasa dawa, sauran kuwa ni na huda su, Inna tana tsaye a kaina tana cewa in yi a hankali.

Da yamma muka raka Ladi gidan Sistoci, da kayan jikinta kawai. Da muka koma gida Inna ta tsaya ta dubi gadonta, dogo, ƙarƙashinsa wayam. Ta ce, "Kafinta, gobe ka rage masa ƙafa, na gaji da hawa."

Ni kuma na rasa malamata. Babu mai rubuta mini a katako, sai da na maimaita aji kafin na sami takardar shaida, yaran da suka zo bayana suka wuce ni. Ban damu ba, ga shi dai ina rubuta muku. Sauran labarin goggonku kun san shi. Ta yi alkawarinta ta sa lulluɓi, aka tura ta Turai ƙarin karatu, ta dawo lokacin kwalejin ta zama jami'a, ta koyar, ta shugabanci sashensu, daga baya aka ɗora ta a kan malamai masu yawa, har masu furfura suna miƙewa in ta shigo. Wuta-wuta kuwa har yau ba a gama da ita ba, in kun tambaye ta za ta ce muku ana nan ana fafatawa. Inna ta ga farkon wannan duka kafin ta rasu. Duk ran da na kai ta Samaru ba ta zama a ofis, ɗakin gwaji take wucewa ta tarar ɗalibai sun hargitsa mata jere, ta yi ta faɗa tana mayar da babba ƙasa ƙarami sama.

Yawancin kwanukan tsatsa ta cinye su. Amma in kun je gaishe da goggonku, ku dubi bakin tagar ofis ɗinta. Akwai wani mai jan fure da dawa a ciki. Ba nata ba ne, za ta gaya muku, na ɗaki ne. Ku nemi izini ku ɗaga shi ku dubi gindinsa, za ku ga huji ɗaya a karkace can gefe. In wani ya sake ce muku guduwa ta yi, ku tambaye shi wa ya huda mata kwano.